Na'urar ECG ta ɗaga hankali a kan lafiyayye, ta yi shiru a kan mai jego: ta ina ake fara karanta takardar?

Ma'aikaciyar jinya, yankin Gidar

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙaramar cibiyar lafiya da ke tsakanin Garwa da Gidar a arewacin Kamaru, kuma wannan ce shekarata ta biyu da kama aiki. Wata uku da suka wuce aka kawo mana na'urar ECG, wadda ke zana aikin zuciya a kan takarda mai gidaje-gidaje, aka nuna mana yadda ake kunna ta cikin rabin yini, daga nan aka bar mu da ita. Ba mu da likita mai zama a wurin, saboda haka hoton takardar muke ɗauka da waya mu tura wa wani likita a Garwa, wanda shi ma aiki ya sha masa kai, wani lokaci sai dare yake samun sukunin amsawa.

Mutum biyu da suka zo mana jiya ne suka sa na rubuto. Na farko saurayi ne ɗan shekara 24, manomin auduga, siriri mai ƙarfi, ya zo da ciwo a gefen ƙirjinsa na hagu bayan ya wuni yana ɗora buhuna a amalanke, kuma idan na danna wurin da yatsa sai ya ce nan ne. Da na yi masa gwajin, na'urar ta rubuta da Faransanci a saman takardar cewa sakamakon ba daidai yake ba, har da wata magana a kan tsohon toshewar jijiyar zuciya. Na lura cewa a layin da aka sa wa alamar I komai ya kife ƙasa, alhali a layin aVR komai ya miƙe sama, bugun kuma 55 ne a minti. Hankalin mahaifinsa ya tashi, har ya fara maganar sayar da bijimin noma.

Ta biyu mai jego ce, wata biyu da haihuwar ɗanta na huɗu. Ta zo tana haki, ƙafafunta sun kumbura har ƙwauri, ta ce kwana goma ke nan ba ta iya barci sai ta jingina da bango. Ita kuwa na'urar ba ta faɗi komai a kanta ba illa cewa bugun yana da sauri, 120 a minti. Mijinta ya ce tunda na'ura ba ta ga ciwo ba gara su koma gida, da ƙyar na roƙe su suka kwana a wurinmu.

Ina roƙon a bayyana mini wace irin wuta ce ake cewa tana cikin zuciya, me haruffan P da QRS da T suke nufi, yaya ake ƙirga gidajen takardar, kuma me ya sa idona yake gaya mini abin da ya saɓa wa maganar na'ura a kan mutanen nan biyu.

Tsohon likita, Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, mai jegon nan kada ta sake kwana a wurinku. A kawo ta babban asibiti yau, a zaune ba a kwance ba, kuma kada a ɗaura mata ƙarin ruwa don kawai an ga ta galabaita, domin ruwa ne ya riga ya yi mata yawa a huhu. Haki da kumburi da kasa kwanciya bayan haihuwa alamu ne na raunin tsokar zuciya da ke samun wasu mata tun daga ƙarshen ciki har zuwa 'yan watanni bayan sun sauka, kuma abin da ke tabbatar da shi hoton zuciya ne irin wanda ake yi wa masu ciki, tare da auna yawan jininta da hawansa. Idonki bai yaudare ki ba.

Dalilin shirun na'urar shi ne takardar ECG umarnin da ake ba tsokar zuciya take zanawa, ba ta auna ƙarfin da tsokar ta amsa da shi. Ki tuna da gayya a gona: makaɗi yana iya buga gangarsa daidai wa daida alhali manoman sun gaji, fartanya ba ta shiga ƙasa, kuma wanda ke jin kiɗan daga bayan gari zai ɗauka aiki yana tafiya lafiya. Zuciyar matar nan kiɗanta yana kan ƙa'ida, sauri kawai ya ƙara, masu noman ne suka gaza.

Ita wutar kuwa ba irin ta waya ba ce, daga gishirin da ke cikin jini take samuwa. Kowace ƙwayar tsokar zuciya idan tana hutawa akwai bambancin caji tsakanin cikinta da wajenta, kimanin milibolt 90, kamar wani ɗan ƙaramin batir. Idan umarni ya iso sai sodiyom ya kwarara ciki, kalsiyom ya biyo baya ya sa tsokar ta matse, sannan potasiyom ya fita, ƙwayar ta koma yadda take tana jiran umarni na gaba. Abin da ke isowa fata daga wannan hada-hada bai wuce milibolt 1 ko 2 ba, alhali batirin tocila guda ɗaya yana da 1,500, shi ya sa ƙaramin abu yake iya ɓata zanen.

Makaɗin yana zaune ne a saman ɗakin sama na dama, wani ɗan ƙulli na ƙwayoyi da ke tayar da bugu da kansa sau 60 zuwa 100 a minti, kuma shi ake nufi idan kika ga an rubuta rythme sinusal. Daga nan wutar ta bazu a ɗakunan sama biyu, su matse, sai ki ga ƙaramin tudun nan mai suna P. Tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa akwai shinge da wuta ba ta ratsa shi sai ta mashiga guda, kamar yadda mai mota daga Kusseri ba ya shiga Njamena sai ta gadar Ngeli, kuma a nan ma sai ya dakata an duba takardunsa. Wannan dakatawa ta kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan ita ce ke ba ɗakunan ƙasa damar cika da jini kafin a ce su matse, kuma ita ce ɗan shimfiɗaɗɗen layin da ke bin bayan P. Da zarar wutar ta haye sai ta bi wata babbar hanya da ta rabu biyu, reshen dama da na hagu, ta game ɗakunan ƙasa cikin ƙiftawar ido. Tsinin nan mai kama da mashi, QRS, shi ne wannan. Tudu mai faɗi da ke zuwa daga baya, T, ɗakunan ƙasa ne suke mayar da cajinsu. Idan gadar ta yanke gaba ɗaya, ɗakunan ƙasa sukan tayar da nasu bugun mai nauyi, 20 zuwa 40 a minti, kuma duk ranar da aka kawo miki dattijo yana yawan suma da bugu 35, wannan ne abin da za ki fara zargi.

Haruffan kansu ba gajarta wata kalma ba ne. Willem Einthoven na jami'ar Leiden a ƙasar Holan ne ya zaɓe su a 1895, kuma na'urar da ya ƙera a farkon shekarun 1900 ta kai kilo 270, marar lafiya kuwa sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitin ruwan gishiri. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1924, mu kuma har yau da haruffansa muke aiki.

A kan ƙirga zan riƙa cewa sakan, domin na san 'yan'uwanmu na Chadi idan aka ce daƙiƙa minti suke ji. Takardar tana gudun milimita 25 a sakan, saboda haka ƙaramin gida ɗaya sakan 0.04 ne, babban gida mai ƙanana biyar sakan 0.2 ne, manyan gidaje 300 kuma minti ɗaya ne cif. Ki ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin tsini da tsini, ki raba 300 da adadin: gida uku 100 ke nan, huɗu 75, biyar 60, shida 50. Ta mai jegonki za ki tarar gida biyu da rabi ne. Daga farkon P zuwa farkon QRS ya kamata a samu ƙananan gidaje uku zuwa biyar, shi kuma QRS kada faɗinsa ya kai ƙananan gidaje uku. A tsaye kuwa, ƙananan gidaje goma milibolt 1 ne.

Saura layuka 12 da ke kan takardar. Wayoyi goma kike maƙalawa, amma na'urar tana haɗa su ta leƙa zuciya ta tagogi 12. Ki ɗauka ranar hawan salla ce a ƙofar fadar Lamiɗo, doki ɗaya ne ke sukuwa, amma wanda dokin ya nufo da wanda ya ba wa baya ba abu ɗaya suke gani ba. Wutar da ta nufo taga tana ɗaga alƙalami sama, wadda ta ba ta baya tana saukar da shi ƙasa. Wutar zuciya daga saman dama take gangarowa zuwa ƙasan hagu, don haka tagar I da ke kallo daga hagu sama take gani, aVR da ke kallo daga kafaɗar dama kuma ƙasa take gani. Ke kin ga akasin haka. Akwai mutanen da Allah ya halitta da zuciya a dama, amma ba su da yawa, kuma kafin ki kai can ina kyautata zaton wayar hannun dama ce ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama. Ki kira saurayin ki sake gwajin. Bugu 55 a jikin matashin da ke wuni yana aikin ƙarfi, ba jiri ba suma, ba abin damuwa ba ne. A ce wa mahaifinsa ya bar bijiminsa a turke tukuna.

Babbar ma'aikaciyar jinya, Kusseri

Baba Likita ya gama magana a kan abin da ke cikin ƙirji, ni kuma, ƙanwata, zan tsaya a kan abin da hannunki ke yi, domin a shekarun da na yi ina wannan gwaji yawancin takardun da suka firgita mu daga hannunmu matsalar ta fito. Ni ma na taɓa juya wayoyin hannu ga wata tsohuwa a daren da marasa lafiya suka yi mana yawa, sai da safe na gane, bayan 'ya'yanta sun kwana suna kuka.

Na'urorin da suka fi yawa a wurinmu launin Turai suke bi: ja a hannun dama, rawaya a hannun hagu, kore a ƙafar hagu, baƙi a ƙafar dama. Amma idan na'urar daga Amurka ta fito, fari ne a hannun dama, baƙi a hannun hagu, ja a ƙafar hagu, kore a ƙafar dama, saboda haka ki karanta harafin da ke jikin kowace waya, kada ki dogara da launi kaɗai. Kuma dama da hagu na marar lafiya ake nufi, ba naki ba, wanda shi ne kuskuren da ake yi idan an tsaya ana fuskantarsa.

Na ƙirji guda shida su ne masu ɗan ƙoƙon roba da ke tsotsar fata kamar ƙahon wanzami. Kada ki ɗora su da ido, ki lalubo da yatsa. Ki sauko daga ramin maƙogwaro a kan ƙashin tsakiyar ƙirji har ki ji wani ɗan tudu, haƙarƙari na biyu yana manne da shi, daga nan ki ƙirga ramukan da ke tsakanin haƙarƙari har na huɗu. V1 yana rami na huɗu a gefen dama na ƙashin, V2 a gefen hagu. Sai ki tsallake ki sa V4 a rami na biyar, saitin tsakiyar ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, sannan ki dawo ki sa V3 a tsakaninsu. V5 da V6 a layi ɗaya suke da V4, na farko saitin gaban hammata, na biyu saitin tsakiyarta. Laifin da na fi gani shi ne ɗora V1 da V2 can sama kusa da wuya don gudun buɗe ƙirjin mace, kuma hakan yana iya sa na'ura ta ƙirƙiro ciwon da babu shi. Mace ta yi wa mace, a ja labule, a rufa mata mayafi, a sa V4 da V5 a ƙarƙashin mama, amma kada kunya ta sa a sauya wurin.

Yanayinmu ma yana da nasa sharrin. Da hunturu mutane suna zuwa sun shafe jiki da man kaɗanya ko basilin, waya ba ta kamawa sai an goge wurin da auduga da alkol, kuma wanda ke rawar sanyi zanensa yakan fito kamar an yi rubutu a kan babur, sai an lulluɓe shi ya natsu. Da bazara gumi ne ke zame ƙoƙunan. Idan kika ga layi ya yi kauri da ƙananan haƙora masu tsari ɗaya kamar na zarto, wutar gida ce ko ta janareta ta shiga, sai ki zare na'urar daga soket ki yi aiki da batirinta, ki kuma nisantar da caja da fanka. Tsofaffi da yawa suna tsoron wayoyin za su ja su, don haka ki gaya musu tun farko cewa na'urar saurare kawai take yi, ba ta sa wa jiki komai.

Abu ɗaya da nake so ki duba yau ɗin nan shi ne ƙasan takardar, inda aka rubuta gudunta. Wasu na'urorin da aka kawo daga Jamus a kan 50 ake saita su, ba 25 ba, kuma idan kika yi lissafin Baba Likita a kan irin wannan takarda za ki samu rabin bugun gaskiya, komai kuma zai yi faɗi ninki biyu. Ki duba kuma ɗan dogon murabba'in da ke farkon layi, ya zama tsayinsa manyan gidaje biyu ne. Idan za ki tura hoto, ki ɗauki takardar gaba ɗaya har da waɗannan alamomi, ki rubuta shekarun mutum da abin da ya kawo shi da awon jininsa. Takardar irin ta rasit ce, rana tana baƙanta ta, zafi yana dusar da zanen cikin 'yan watanni, alkol kuma yana ɓata ta nan take, saboda haka ki sa ta a ambulan, ki ce wa mai ita ya yi mata kwafi.

Mai harhaɗa magunguna, Marwa

Allah ya saka wa Baba Likita da Hajiya da alheri. Akwai awo guda da ba a ambata ba, wanda mu masu ba da magani ya fi damun mu, wato tazarar da ke tsakanin farkon QRS da ƙarshen T, wadda ake kira QT. Ita ce tsawon lokacin da ɗakunan ƙasa ke ɗauka su yi aiki su kuma mayar da caji. Tana gajarta idan bugu ya yi sauri, tana tsawo idan ya yi nauyi, shi ya sa na'ura take gyara lissafin ta rubuta QTc, wanda bai kamata ya wuce kimanin 440 ga namiji ko 460 ga mace ba, a ma'aunin kashi dubu na sakan. Idan ya haura 500 akwai haɗarin bugu ya rikice farat ɗaya mutum ya yanke jiki ya faɗi. Hanya mai sauƙi ta gani da ido, idan bugun yana tsakanin 60 da 100, ita ce T ya ƙare kafin rabin tazarar da ke tsakanin tsini biyu.

Magungunan da ke tsawaita QT, wasunsu suna cikin kabad ɗinku yanzu haka: kinin da kulorokin na zazzaɓin cizon sauro, eritromaisin da azitromaisin, da haloferidol. Ɗaya kaɗai a bisa ƙa'ida ba kasafai yake kawo matsala ba, haɗarin yana zuwa ne idan an haɗa biyu ko uku ga wanda amai da gudawa suka riga suka zubar masa da potasiyom, abin da muke gani duk damina a nan jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Ƙarancin potasiyom yana kwantar da T ya kuma fito da wani ƙarin tudu a bayansa mai suna U. Yawansa kuwa, kamar ga wanda ƙodarsa ta tsaya, yana sa T ya yi tsayi da tsini kamar bukka, P ya dusashe, QRS ya buɗe, kuma wannan takarda ce da ba a jira gari ya waye da ita.

A kan mai jegon, ki tambayi uwar mijinta ko wadda ke yi mata wanka ko tana shan kunun kanwa. Mutane suna ɗauka kanwa potasiyom ce saboda sunan da ake kiranta da shi a boko, alhali wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi mafi yawanta sodiyom ce, 'yar'uwar gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Likitocin Zariya sun rubuta tun shekarun 1970 a kan yawan wannan ciwo ga matan Hausawa masu wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da shan kunun kanwa. Ba na cewa al'adar ce kaɗai sanadi, domin ciwon yana kama matan da ba su taɓa jin sunan kanwa ba, amma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar wannan lodin gishiri.

Ɗalibin likitanci, Njamena

Ranka ya daɗe Baba Likita, ina da ƙarin tambaya a kan lissafin 300. A ɗakin marasa lafiya na ga takardar wata yarinya 'yar shekara 19 wadda tazarar tsininta ba ta daidaita ko sau ɗaya, wani wuri gida biyu, wani wuri huɗu, kuma na nemi P na rasa. Yaya ake ƙirga irin wannan? Sannan da a ce ciwon saurayin nan na toshewar jijiya ne da gaske, me 'yar'uwarmu za ta gani?

Tsohon likita, Garwa

Ɗana, lissafin 300 na bugu mai tsari ne kawai. Idan ya rikice sai ka nemi dogon layin da ke ƙasan takardar, wanda yawanci sakan 10 ne, ka ƙirga tsinin da ke cikinsa ka ninka sau shida. Abin da ka kwatanta kuwa, rashin P da rashin tsari gaba ɗaya, alama ce ta cewa ɗakunan sama sun daina matsewa, karkarwa kawai suke yi, makaɗa sun yi yawa kowa yana buga tasa, gada kuma tana barin wanda ya samu ya wuce. A Turai ciwon tsofaffi ne, amma a wurinmu idan ka gan shi ga 'yar shekara 19 ka saurari zuciyarta da kyau, domin sau da yawa ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu ce ta ƙuntata sakamakon ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi maganinsa ba. Haɗarinsa shi ne jini ya daskare a ɗakin da ba ya matsewa, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki.

Toshewar jijiya kuma a ɗan layin da ke tsakanin ƙarshen QRS da farkon T ake nemanta, wanda ake kira ST. Ya kamata ya kwanta daidai da layin tushe. Idan ya ɗaga sama a tagogi biyu ko fiye masu kallon wuri ɗaya, ga mutum yana gumi yana jin kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji, to tsokar wannan wuri tana mutuwa, kuma kowane minti yana da tsada. Tagogin II da III da aVF ƙasan zuciya suke kallo, V1 zuwa V4 gabanta, I da aVL da V5 da V6 gefenta na hagu. Sai dai ku kiyaye abu biyu. Takarda mai kyau ba ta kore toshewa, musamman a sa'o'in farko da kuma ga masu ciwon suga, don haka idan ciwon bai lafa ba a sake gwajin bayan minti 15 zuwa 30. Na biyu kuma, samarinmu sirara masu lafiya sukan nuna ST da ya ɗan ɗaga a tagogin ƙirji tare da dogayen tsini, kuma na'ura takan rubuta cewa bangon zuciya ya yi kauri. Ƙa'idar da ake koya muku, wato a haɗa zurfin S (ɓangaren QRS mai nutsewa ƙasa bayan R) na V1 da tsayin R (ɓangarensa mai miƙewa sama) na V5 ko V6 a ga ko sun kai milimita 35, tana da amfani ga magidanci mai hawan jini, amma ga matashi marar kitse takan yi ƙarya, domin zuciyarsa kusa take da fata.

Ni tsarina bai sauya ba tun ina saurayi: na duba suna da gudun takarda, na leƙa aVR, na ƙirga bugu, na tabbatar kowane QRS yana da P a gabansa, na auna tazarori, sannan na bi ST da T taga bayan taga. Rubutun na'ura shi nake karantawa a ƙarshe, bayan na yanke nawa hukuncin. Ƙarancin likitocin zuciya a ƙasarmu Kamaru ne ya sa injiniyanmu Arthur Zang ya ƙera Cardiopad, wanda ke ɗaukar gwajin a ƙauye ya aika wa ƙwararre a birni, kuma shi ma hukuncin a hannun likitan da ya karanta ya bar shi.

Ma'aikaciyar jinya, yankin Gidar

Baba Likita, Hajiya, Malam, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Mai jegon ta tafi Garwa tun kafin azahar, a zaune a gaban mota, bayan na karanta wa mijinta maganar gayya da makaɗi, wadda ita ce ta shige shi. Uwar mijin ta tabbatar mini cewa kullum safe da yamma ake dama mata kunun kanwa tun ranar suna. Ɗazu ƙanin mijin ya kira ya ce an yi hoton, an ce zuciyar ta buɗe kuma ba ta matsewa sosai, an kwantar da ita an fara ba ta maganin fitar da ruwa.

Saurayin kuma na aika aka kira shi daga gona. Da na ɗauko wayoyin sai na ga abin da ya faru: an taɓa cire matsan hannu don wankewa, aka mayar da jar waya a kan matsi mai launin rawaya, ni kuma launin matsin na bi ban karanta harafin ba. Na gyara, na lalubo ramukan haƙarƙari da yatsa kamar yadda Hajiya ta ce, sai ga I ya miƙe sama, aVR ya kife, kowane QRS da P ɗinsa a gaba, gidaje biyar da rabi tsakanin tsini da tsini, gudun takarda 25. Na'urar ta daina maganar toshewa, amma yanzu ta koma cewa bangon zuciya ya yi kauri, kuma da na haɗa S na V1 da R na V5 na samu milimita 38. Awon jininsa 110 bisa 70 ne, ciwon ma ya ce ya ragu tun da ya sha farasitamol. Na tura wa likitanmu hoton takardar gaba ɗaya tare da shekarunsa da awonsa, ina jiran amsarsa, kuma na ciro takardun mutum tara da muka yi wa gwaji tun ranar da aka wanke matsan domin in duba aVR ɗin kowannensu.